Ma'auni a Taswira da Zanen Aiki: Abin da Ya Kamata Mai Sa Hannu Ya Sani

Gabatarwa



Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan magana tana da gaskiya a kasuwar Zuru, inda mai sayen dawa kan dubi buhu ya faɗi yawan mudun da ke ciki, kuma da wuya ya yi nisa da daidai. Amma akwai wurin da ido ba ya sanin kima ko kaɗan, watau a kan takarda. Idan aka zana wani ɗan murabba'i a takarda aka miƙa wa mutum, babu yadda idonsa zai gaya masa ko ɗakin kwana ne, ko fuloti ne a Rikoto, ko kuwa makiyaya ce da za ta ci dabbobin gari guda. Abin da zai gaya masa shi ne waɗansu 'yan lambobi da akan rubuta a gindin takardar, kamar 1:100 ko 1:50,000. Waɗannan lambobi su ne ma'auni, wanda 'yan makaranta da ma'aikatan safiyo suka fi sani da sikeli.

Na zaɓi wannan batu ne domin yawancin waɗanda ke zaune a nan, ko dai suna sa hannu a kan irin waɗannan takardu, ko kuwa nan gaba kaɗan za su fara. Ma'aikacin sashen filaye yana sa hannu a kan taswirar fuloti. Ma'aikacin sashen ayyuka yana sa hannu a kan zanen aji ko na ɗakin shan magani. Malamin gona yana lissafin iri da taki bisa faɗin gonar da ya gani a takarda. Ma'auni alkawari ne da mai zane ya ɗauka, cewa kowane awo a takardarsa yana da takamaiman abin da ya tsaya a madadinsa a ƙasa. Wanda ya sa hannu bai karanta wannan alkawari ba, ya amince da abin da bai sani ba. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana yadda ake karanta shi, da kuma wuraren da yakan karye.

Ma'anar ma'auni

Ƙasa tana da faɗi, takarda kuwa ƙarama ce, saboda haka tilas a rage. Sharaɗin ragewar shi ne ta zama iri ɗaya a ko'ina cikin takardar. Idan an rage tsawon hanya sau dubu, tilas a rage faɗin kasuwa sau dubu, da nisan rijiya daga makaranta sau dubu. Wannan adadi na ragewa shi ne ma'auni.

Akwai hanyoyi uku na nuna shi. Ta farko ita ce ta magana, kamar a rubuta cewa santimita 2 na madadin kilomita 1. Ta biyu ita ce ta lamba, kamar 1:50,000, ana karanta ta ɗaya ga dubu hamsin. Ma'anarta ita ce awo ɗaya a takarda daidai yake da irinsa dubu hamsin a ƙasa. Kyawun wannan hanya shi ne ba ta da yare: inci ɗaya na madadin inci dubu hamsin, santimita ɗaya na madadin santimita dubu hamsin, ƙwayar gero ɗaya ma haka. Hanya ta uku ita ce ta layi, watau wani ɗan layi mai gaɓoɓi kamar rula da akan zana a gindin taswira, a rubuta mita ko kilomita a kan gaɓoɓin. Za mu ga nan gaba cewa wannan layi, wanda jama'a suka fi rainawa, shi ne ya fi sauran biyun riƙon amana.

Lissafin ba shi da wuya. Tun da santimita 100 ke yin mita ɗaya, sai a soke sifiri biyu daga babbar lambar, abin da ya rage shi ne yawan mitocin da santimita ɗaya ke wakilta. A ma'aunin 1:50,000, santimita ɗaya mita 500 ce. A 1:1,000, mita 10 ce. A 1:100, mita ɗaya ce. Alal misali, a taswirar ƙasa mai ma'aunin 1:1,000,000, inda santimita ɗaya take kilomita 10, tsakanin Zuru da Birnin Kebbi bai wuce kimanin santimita 16 ba, watau wajen kilomita 160 a miƙe, yadda shaho zai bi. Direban da ya bi ta Dabai da Mahuta da Koko da Jega zai ce ba haka ba ne, kuma yana da gaskiya, domin hanya tana lanƙwasa. Mai son tsawon hanya sai ya bi ta da zare a kan taswirar, sa'an nan ya miƙe zaren ya auna.

Daga kamu da taki zuwa mita

Kakanninmu ba su rasa awo ba. Suna da taƙi, daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya idan an buɗe hannu. Suna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, wanda masaƙa da maɗinka ke aiki da shi. Suna da gaba, watau faɗin hannuwa biyu a miƙe, wadda masu haƙar rijiya ke faɗin zurfi da ita. Nisa kuwa ana faɗinsa da zango, ko da tafiyar yini. Aibin waɗannan ma'aunai ɗaya ne: kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, tafiyar yinin mai doki ba ɗaya take da ta mai jaki ba.

Taswira ma ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. A shekarar 1824, lokacin da Bature mai yawon bincike Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, ya samu wata taswira daga wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wadda aka buga a Landan a 1826 cikin littafin labarin tafiyar. Taswirar ta nuna garuruwa da hanyoyi da kogin Kwara. Irin wannan zane yana gaya wa matafiyi wane gari ke bin wane, wanda shi ne buƙatar fatake da manzannin sarki, amma ba a yi shi don a ɗora masa rula a fitar da nisa ba. Har yau muna yin irinsa duk lokacin da muka yi wa baƙo kwatance da tsinke a ƙasa, kuma yana biyan buƙata matuƙar ba a kai shi gaban alƙali a matsayin shaidar iyaka ba.

Buƙatar awo tsayayye ta zo ne da haraji da mallakar fili. A farkon mulkin Turawa, a ƙasar Kano an yi waɗansu ma'aikata da ake kira malaman taki, masu auna gonaki da takun ƙafa domin a yanka haraji gwargwadon faɗin gona. Kowa yana iya hango inda gardama za ta taso, gama takun mutum yakan faɗaɗa ko ya tsuke. A ɓangare guda kuma an buɗe makarantar koyon safiyo a Ikko a 1908, wadda daga baya ta koma garin Oyo, tana can har yanzu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulki, wadda ta yi amfani da hotunan jirgin sama wajen zana taswirori masu yawa, ciki har da na Nijeriya, tare da Ma'aikatar Safiyo ta Tarayya.

Awon Turawan Ingila shi ne inci da ƙafa da yadi da mil. Shahararren ma'auninsu na taswira shi ne inci ɗaya ga mil ɗaya, watau 1:63,360, domin inci 63,360 ke cikin mil. A cikin shekarun 1970 Nijeriya ta koma ga awon mita, wanda Faransawa suka ƙirƙiro a ƙarshen ƙarni na 18. Ita kuwa ƙasar Zuru ta ga canjin hukuma sau da dama: tana Lardin Neja a zamanin Turawa, ta shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta koma Jihar Sakkwato a 1976, sa'an nan Jihar Kebbi a 1991. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a buɗe tsohon fayil a tarar da takarda mai inci da ƙafa tana kwance kusa da mai mita. A nan akwai tarko. Masu zanen gini na da sukan yi amfani da kashi ɗaya cikin takwas na inci a madadin ƙafa ɗaya, watau 1:96, wanda ya yi kusa ƙwarai da 1:100 na yanzu. Layin da ya kai santimita 25 a tsohon zane, mita 24 ne a ƙasa. Wanda ya karanta shi da ma'aunin 1:100 zai ce mita 25 ne. Mita ɗaya ke nan ta shigo daga babu, kuma a kan abin da bai kai haka ba maƙwabta sun daina gaisawa.

Babban ma'auni da ƙarami

Akwai wata magana da ke rikita ɗalibai kowace shekara. Ana ce wa 1:1,000 babban ma'auni, ana ce wa 1:1,000,000 ƙarami, alhali miliyan ta fi dubu. Dalili shi ne ma'auni kaso ne. Wanda ya samu kashi ɗaya cikin dubu na gado ya fi wanda ya samu kashi ɗaya cikin miliyan. A babban ma'auni abubuwa suna fitowa manya, amma wurin da takarda ta ɗauka kaɗan ne. A ƙaramin ma'auni takarda tana ɗaukar ƙasa mai faɗi, amma kome ya ƙanƙance, waɗansu abubuwan ma sun ɓace.

Mu ɗauki Rikoto, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Zuru. A taswirar Nijeriya da ke rataye a bangon aji, Zuru kanta ɗigo ce, Rikoto tana cikin ɗigon. A taswirar 1:250,000 garin ya zama ɗan tabo, da hanyoyi suna fita daga cikinsa. A 1:50,000, wadda ita ce taswirar da aka fi dogara da ita wajen aikin karkara, takarda ɗaya tana ɗauke da wuri mai kimanin kilomita 27 ta kowane gefe, kuma ana ganin rafuka da duwatsu da ƙauyuka da hanyoyin ƙafa. Amma fulotin da muka saba da shi, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, watau wajen mita 15 da mita 30, a wannan taswira faɗinsa milimita 0.3 ne, tsawonsa 0.6. Bai kai ƙwayar gero ba. Sai an zo ma'aunin 1:1,000 ko 1:500 sa'an nan fuloti zai fito da kusurwoyinsa huɗu da turakun siminti na safiyo.

Daga nan sai mu zo ga abin da na fi so ma'aikata su riƙe, watau kaurin layi. Bakin alƙalami yana da faɗi. A ce layin da aka ja faɗinsa rabin milimita ne. A ma'aunin 1:1,000 wannan layi ya rufe rabin mita a ƙasa. A 1:50,000 ya rufe mita 25. A 1:250,000 ya rufe mita 125, a 1:1,000,000 kuwa rabin kilomita. Idan ƙauyuka biyu suna jayayya a kan wata fadama mai faɗin mita ɗari, aka kawo taswirar 1:250,000 don a raba gardama, to fadamar gaba ɗaya tana ƙarƙashin tawadar layin iyakar. Taswirar ba ta yi ƙarya ba. An tambaye ta abin da ba ta da ikon amsawa.

Har ila yau, mai zana taswira yakan ƙara wa waɗansu abubuwa girma da gangan domin su ganu. Hanyar mota mai faɗin mita 7, idan za a bi ma'aunin 1:50,000 sau da ƙafa, siririn layi ne da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Don haka akan zana ta da kauri, a ɗan matsar da gidajen da ke bakinta. Rijiya da masallaci da coci da makaranta kuwa alamomi ne kawai, girman alamar ba shi ne girman ginin ba. Kuma faɗaɗa ƙaramar taswira da na'ura ba ya mayar da abin da mai zane ya riga ya zubar. Kuskuren kawai yake ƙara wa girma.

Faɗin fili

Ma'auni yana magana ne a kan tsawo. Idan aka zo ga faɗin fili, watau tsawo sau faɗi, sai ya yi aiki sau biyu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada.

A 1:50,000, murabba'in santimita ɗaya yana madadin mita 500 sau mita 500, watau murabba'in mita 250,000, ko hekta 25, tun da hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi. A 1:100,000 kuwa, murabba'in santimita ɗaya hekta 100 ne. An ninka lambar ma'auni sau biyu, fili ya ninku sau huɗu. Da an ninka ta sau goma, da fili ya ninku sau ɗari.

Ga inda abin ya shafi doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama irin na gargajiya a filayen da ba na birni ba, amma ta ƙayyade cewa kada ya wuce hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, sai da yardar Gwamna. Hekta 500 a taswirar 1:50,000 ɗan zane ne mai santimita 4 da santimita 5, bai fi kwalin ashana ba sosai. To, a ce takardar da aka kawo wa ma'aikaci ta 1:100,000 ce, shi kuwa ya ɗauka ta 1:50,000 ce domin ita ya saba gani. Wannan ɗan kwalin ashana ya zama hekta 2,000. Ya ba da ninki huɗu na abin da doka ta yarda, kuma hekta 1,500 da suka ƙaru ba daji ne marar mai shi ba. A ƙasar noma irin ta Zuru, gonakin mutane ne da hanyoyin shanunsu da kaburburan iyayensu.

Zanen gini da na ƙira

Abin da aka faɗa a kan taswira ya hau kan zanen aiki, sai dai a nan ragewar kaɗan ce. Al'adar masu zane ita ce su nuna wurin da gini zai zauna da 1:500 ko 1:200, fasalin ɗakuna da 1:100 ko 1:50, sa'an nan ƙananan wurare masu wuya, kamar harsashi da matakala da haɗin katakon rufi, da 1:20 ko 1:10 ko 1:5. Takarda ɗaya tana iya ɗaukar zane uku, kowanne da nasa ma'auni a rubuce a ƙarƙashinsa. A zanen kayan inji akwai 1:1, watau girman abu kamar yadda yake, akwai kuma ma'aunin faɗaɗawa irin 2:1 da 5:1 da 10:1, don ƙananan abubuwa kamar kusa ko haƙorin giya. Ƙa'idar ba ta canzawa: lambar hagu ta takarda ce, ta dama ta abin da ake nufi ce. Makanikin da ya juya 2:1 ya zama 1:2 zai ƙera abu mai ninki huɗu na tsawon da aka nema.

Babban abokin gābar ma'auni a ofisoshinmu shi ne na'urar kwafi. Takardun zane suna da tsari: A0 faɗinta murabba'in mita ɗaya ne, rabinta A1, rabin wannan A2, sai A3, sai A4 da muke rubuta wasiƙa a kai, mai milimita 210 da 297. Idan aka rage A3 zuwa A4, kowane tsawo yana komawa kashi 71 cikin ɗari. Idan aka rage A1 zuwa A3, yana komawa rabi daidai. Amma rubutun nan na 1:100 yana nan a gindin takarda bai canza ba, ya zama shaidar zur.

Mu kwatanta. An zana ofishin shugaban makaranta mai mita 4 da mita 4 a kan A3 da ma'aunin 1:100, kowane bango santimita 4 a takarda. Aka kai zanen shagon kwafi, mai shago ya fitar da shi a A4 domin ita ce yake da ita. Bango ya koma santimita 2.8. Birkila ya ɗora rula, ya duba 1:100, ya kafa turaku a mita 2.8. Ɗakin da ya kamata ya zama murabba'in mita 16 ya tashi a wajen 8, rabi ke nan, alhali an biya kuɗin cikakke. Ba lalle ne a samu wanda ya yi niyyar cuta a cikin wannan labari ba, amma gwamnati ta yi hasara, kuma sa hannun wani yana kan takardar biya.

Maganin abu biyu ne. Na farko, awon da aka rubuta da lamba a jikin zane shi ne abin bi, ba wanda aka ɗauka da rula ba, shi ya sa masu zane da yawa kan rubuta gargaɗi cewa kada a auna daga zane. Na biyu, ma'aunin layi. Shi yana raguwa tare da zanen, yana faɗaɗa tare da shi, saboda haka gaskiyarsa ba ta gushewa. Idan babu shi, a nemi wani awo da aka rubuta, a gwada shi da rula. Bangon da aka rubuta 4000 a kansa, watau milimita 4,000, idan bai kai santimita 4 a takarda mai 1:100 ba, an taɓa takardar.

Tudu da gangare

Taswira tana kallon ƙasa ne daga sama, kamar an danne ta ta baje. Awon da take bayarwa na shimfiɗe ne. A wuri mai duwatsu kamar kewayen Zuru, wannan yana da muhimmanci. Idan tazarar wurare biyu a taswira mita 100 ce, ɗayan kuma ya fi ɗayan tudu da mita 30, wanda ya ja tef a kan gangaren zai samu sama da mita 104. Mai sayen bututun ruwa ko wayar lantarki tilas ya san wannan, kuma manomin da ya ga gonarsa ta gefen dutse ta fito a takardar safiyo ƙasa da abin da ya taka, ba lalle ne an rage masa kome ba.

Injiniyoyin hanya kuma suna da wani zane da ke nuna hawa da saukar hanya daga gefe. A irinsa akan yi ma'auni biyu, misali 1:1,000 a kwance da 1:100 a tsaye, domin ƙananan tudu su ganu. Kowane gangare yana fitowa da tsananin da ya ninka na gaskiya sau goma. Wanda bai karanta ma'aunan biyu ba zai zaci za a haƙa dutse, alhali ɗan tozo ne.

Duniya a kan takarda da kan waya

A farko na ce ragewa tilas ta zama iri ɗaya a ko'ina. Wannan yana yiwuwa a taswirar unguwa ko ta gunduma. A taswirar duniya ba ya yiwuwa, domin duniya dunƙulalliya ce, kuma ba a shimfiɗa ɓawon lemo ba tare da ya tsage ko ya miƙe ba. Taswirar da Gerardus Mercator ya fitar a 1569 don amfanin matuƙan jiragen ruwa tana riƙe kusurwa daidai, amma tana kumbura ƙasa gwargwadon nisanta daga tsakiyar duniya. A Zuru, wadda ke wajen digiri 11 arewa, ƙarin bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. A digiri 60, tsawo ya ninku sau biyu, fili sau huɗu. Shi ya sa tsibirin Girinlan ke fitowa kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14.

A kan waya kuwa, taswira irin ta Google Maps ba ta da ma'auni tsayayye, domin yatsa biyu suna canza shi a kowane lokaci. Abin dogara shi ne ɗan layin da ke kusurwa. Hoton tauraron ɗan Adam shi ma yana da iyakarsa. NigeriaSat-1, wanda aka harba a 2003, kowane ɗigo na hotonsa yana madadin mita 32 ta kowane gefe, fili da ya fi fuloti biyu. NigeriaSat-2 na 2011 ya sauko zuwa mita 2.5. Daɗin daɗawa, tsofaffin taswirorin Nijeriya an gina su ne a kan tushen awo na Minna, GPS na waya kuwa yana bin wani tushe na duniya baki ɗaya, kuma bambancinsu yana kai gomomin mitoci. Waya tana da amfani wajen nemo gona. Kafa iyakarta kuwa aikin safiyo ne mai rajista.

Kammalawa

A taƙaice, kafin ɗalibi ya ɗora rula, ko ma'aikaci ya ɗora alƙalami, ya kamata ya yi wa takarda tambayoyi biyar. Mene ne ma'auninta, kuma a ina aka rubuta shi? Da wane awo aka yi ta, ƙafa ko mita? Ita ce ta asali, ko kwafi ce da aka rage ko aka faɗaɗa? Abin da ake gardama a kansa ya fi kaurin layinta girma? Wa ya zana ta, a wace shekara, kuma ƙasa ta canza tun daga lokacin? Takardar da ta kasa amsa ta farko, kwatance ce, a ɗauke ta a matsayin kwatance.

Ga ɗalibai kuma ina da shawara. Ku samu tef da rula da farar takarda, ku auna gidanku a Rikoto ko Rafin Zuru ko duk inda kuke, ku zana shi da ma'aunin 1:100, ku sake zana shi da 1:500, ku ga abin da tilas ta sa kuka zubar a zane na biyu. Wanda ya yi wannan sau ɗaya da hannunsa, ba zai ƙara kallon gindin takarda da raini ba, kuma ranar da aka kawo masa fayil ana gaggawa, zai san abin da zai tambaya. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.